Darasin Sana'a: Kayan Taimakon Kafinta a Gida

Darasinmu na yau a kan aikin katako ne. Mu mutanen Yauri, Ngaski da Shanga ba baƙinsa ba ne. Tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ake sassaƙa jirage a bakin kogin nan, ga kuma allon aduwa da kowane yaro ya sani. Sai dai katako ya yi tsada, yanka ɗaya in ya karkace kuɗi sun tafi. Saboda haka kada ka dogara da ido. Ga abubuwa huɗu da za ka haɗa da guntayen da ake zubarwa.

Na farko, akwatin yanka. Samo falanki uku, ka kwantar da ɗaya, ka buga biyu a gefensa kamar kwalbati. Ja layi da sukwaya, ka tsaga gefunan biyu da zarto. Duk abin da za ka yanka, sa shi ciki, zarto ya bi tsagar. Ba zai kauce ba, yatsunka kuma suna nesa da haƙoransa. In ƙafafun benci ne, buga ɗan guntu a ciki ya zama tokara, duk huɗun su fito tsawo ɗaya.

Na biyu, ma'aunin ƙusa. Buga guntun katako a gicciye jikin sanda, ka soka ƙusa ta leƙo a nisan da kake so. Ja guntun a gefen falanki, ƙusar za ta zana maka layi miƙaƙƙe.

Na uku, gwajin kusurwa. Auna inci 9 a gefe ɗaya, inci 12 a ɗayan. In tsakanin alamun biyu ya ba da inci 15, to, kusurwa ta daidaita. Wannan shi ne lissafin 3, 4, 5 da ake koya muku a aji.

Na huɗu, matsi da igiya. In ka shafa gam, zagaya aikin da igiya riɓi biyu, ka cusa sanda ka yi ta murɗawa har ya matsu. Sa kwali ƙarƙashin igiyar don kada ta ci katako.

Sannan a kula, katako na kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Ɗanye kada a taɓa shi, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani har ya bushe. Itace mai tauri irin maɗaci kuwa, a dakusar da bakin ƙusa da guduma kafin a buga, don kada ya tsage.

Aikin gida: kowa ya gwada kusurwar ƙofar ɗakinsu ya kawo mana sakamako. Yara ƙanana kada su ɗauki zarto sai da babba a kusa. Allah ya sa albarka, amin.