Awon zaren haske: daga desibel ɗin ɗakin nazarin furuci zuwa ma'aunin amsa-kuwwa

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya taɓa buɗe muryar wani a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Amsterdam, ya san desibel. Da shi yake auna ƙarfin wasali, ya kwatanta gaɓa da gaɓa. Abin da ba lalle ya sani ba shi ne, da wannan ma'aunin ne ake tantance lafiyar zaren gilashin da ke ɗauko intanet har Lamorde, a gaɓar dama ta kogin Kwara inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Sunan ma'aunin ya fito daga Alexander Graham Bell, wanda mahaifinsa Alexander Melville Bell masanin furuci ne, shi ya wallafa wani tsarin rubuta sautukan magana a 1867. Ashe dangantakar daɗaɗɗiya ce.

Nijar ba ta da teku, don haka saƙonninta sai sun bi ta ƙasa kafin su riski wayoyin ƙarƙashin ruwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin ta bi ta Doso da Gaya ta shiga Binin, ta kai Kwatano inda wayar SAT-3 ta sauka. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a teku kusa da gaɓar Kwaddibuwa, Nijar na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu. Irin wannan katsewa kowa na ganin ta. Wadda ba a gani ita ce ƙaramar asarar da ke cin haske a hankali, har fayil ɗin hirar da ɗalibi ya naɗo a ƙauye ya ƙi tafiya, kuma ita awo kaɗai ke tona ta.

Zaren da ake shimfiɗawa a doguwar hanya yana da cibiya mai kauri kamar mikromita 9, cikin rigar gilashi mai mikromita 125, wato kwatankwacin silin gashi. Hasken da ake turawa a ciki ido ba ya ganin sa, tsawon zangonsa yawanci nanomita 1310 ne ko 1550. Shi ya sa ƙa'idar farko ga mai aikin ita ce kada ya leƙa bakin zare, domin abin da ba ya gani na iya ƙone masa ido. Yayin da hasken ke tafiya yana dusashewa, kuma desibel ba ƙidayar ɗaya biyu yake bi ba, ninki yake bi. Asarar desibel 3 na nufin rabin hasken ya tafi, desibel 10 na nufin kashi ɗaya cikin goma ya rage, desibel 30 kuwa ɗaya cikin dubu. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa in aka tace gilashi har asararsa ta gaza desibel 20 a kilomita, zai iya ɗaukar saƙo. Kamfanin Corning ya ƙetare wannan iyaka a 1970, Kao kuma ya sami kyautar Nobel a 2009. Zaren yau yana asarar kimanin desibel 0,35 a kilomita a zangon 1310, da 0,2 a zangon 1550.

Awo mafi sauƙi na mutum biyu ne. Ɗaya ya tsaya a wannan baki da fitila mai sanannen ƙarfi, ɗaya a wancan baki da ma'aunin ƙarfin haske, a debe abin da ya iso daga abin da aka tura. Amma lambar da aka samu ba ta da ma'ana sai an riga an yi lissafin abin da ya kamata a samu. A ƙaddara layi mai tsawon kilomita 10 ya tashi daga Lamorde ya haye kogi. A zangon 1310 zaren kansa zai ci desibel 3,5. Wurare huɗu da aka narka zare aka liƙa da wani, kowanne a ba shi 0,1, sun zama 0,4. Kawuna biyu da ake cusawa a na'ura, kowanne 0,5, sun zama 1. Jimla 4,9. In awo ya nuna 8, to akwai desibel 3,1 da ba a san inda suka shiga ba, wato kimanin rabin hasken da ya kamata ya iso ya salwanta. Wannan awo ya faɗi cewa akwai cuta, amma bai faɗi inda take ba.

Nan ne aikin na'urar da ake kira OTDR, wadda Faransanci ke ce wa réflectomètre. Aikinta ya yi kama da na mai kira a bakin rijiya yana sauraron amsa-kuwwa. Tana harba ɗan guntun haske, ta jira abin da zai dawo, domin gilashi kullum yana mayar da ɗan kaɗan baya a duk tsawonsa. Haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita dubu 200 a daƙiƙa, saboda haka amsar da ta dawo bayan kashi goma cikin miliyan na daƙiƙa ta fito ne daga kilomita guda, tun da tafiya ce da dawowa. A allo sai a ga layi yana gangara sannu a hankali. Ɗan matakin da ya faɗa ƙasa alamar liƙi ce ko lanƙwasa, tsinin da ya cilla sama alamar kai ne ko tsagewa, domin inda gilashi ya haɗu da iska kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken kan dawo. Inda layin ya rufta gaba ɗaya, nan zaren ya ƙare ko ya tsinke, sai a ɗauki diga a nufi wurin.

Karatun allon yana buƙatar irin taka-tsantsan ɗin da ake karanta hoton sauti da shi. Bayan kowane tsini na'urar kan makance na ƴan mitoci, shi ya sa ake ɗaura mata dogon zaren share fage kafin layin da za a auna. Wani lokaci liƙi kan bayyana tamkar ya ƙara haske, alhali liƙi ba ya ƙara komai. Zaruruwan biyu ne suka bambanta wajen mayar da haske, kuma maganin abin shi ne a auna daga ɓangarorin biyu a ɗauki matsakaici. Lanƙwasa kuwa ta fi cin haske a 1550 fiye da 1310, don haka matakin da ya ƙaru da aka sauya zango kusan kullum zare ne aka matse. Sau da yawa ma laifin bai kai nan ba: ƙura ce a bakin kai, kuma a garin da hunturu ke baɗe komai, duba kan da madubin ƙara girma a goge shi kafin a cusa ya fi kowane gyara araha.

Saura batun suna, wanda shi ne rabon masu nazarin harshe. Hausa ta riga ta raba gwaji da awo: fitilar ja da ake cusawa a zare don a ga inda haske ke yoyo gwaji take yi, na'urar da ke ba da lamba awo take yi. Ƙirar nan ta ma- da -i da ta haifar da mabuɗi da ma'auni tana iya ba da mahaɗi ga kan da ake cusawa, ta ma- da -a kuma ta ba da mahaɗa ga wurin da aka liƙa, ko da yake mahaɗi ya daɗe a madafa yana nufin abin da ake haɗa abinci da shi, kuma ba tabbas ma'aikata za su karɓe shi. Tsakanin asara da dusashewa, ta biyun ta fi dacewa da raguwar da ke bin tsawon zare, ta farkon kuma da abin da ke ɓacewa farat ɗaya a mahaɗa. Shi kuwa OTDR, ma'aunin amsa-kuwwar haske ya bayyana aikinsa sarai, illarsa kawai tsawo, kuma kalma mai gaɓa tara ba ta cika daɗewa a bakin mai aiki cikin rami ba.