Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Fakku Masu Karatun Aikin Jarida

'Ya'yana da ƙannena,

Na yi farin ciki da jin cewa wasunku sun sa ƙafa a karatun aikin jarida, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, wasu kuma na hangen Jami'ar Bayero ta Kano. In aka tambaye ku abin da kuke nema, sai ku ce kuna so ku gwanance wajen ba da labari. Madalla da wannan buri. Sai dai ina so ku bambance abin da aji zai ba ku da wanda sai kun taka da ƙafarku kun nemo.

Aji zai koya muku tsari. Malami zai matsa muku kan tambayoyin nan: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, me ya jawo, ta yaya. Zai ce ku fara da abin da ya fi muhimmanci tun a layin farko. Wannan zai yi muku wuya, domin kun tashi ne da tatsuniya, inda kaka ke riƙe makomar Gizo sai can ƙarshe. Ku karɓi horon da hannu bibbiyu, amma kada ku yar da abin da kuka sha a gida. Alhaji Abubakar Imam da ƙagaggen labari ya fara: Ruwan Bagaja ya fito a 1934, Magana Jari Ce ya biyo baya, sannan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Hausarsa ce ta sa akan karanta jaridar a dandali, wanda bai yi boko ba ma ya fahimta. Don haka duk rahoton da kuka rubuta, ku karanta wa mahaifiyarku a bayyane. Inda ta ce "Me ke nan?", ku koma ku gyara wurin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Na ga matasa da yawa suna ɗaukar labari sai wanda ya fito daga Abuja ko gidan gwamnati. Alhali sunan ƙaramar hukumarmu ta Kebbe ba ya cika shiga kafofin watsa labarai sai in ambaliya ta ci gonaki, ko an kai hari, ko zaɓe ya ƙarato. Sauran rayuwarmu fa, wa zai rubuta ta in ba ku ba?

A ce ruwa ya cinye wa manomi shinkafarsa a fadama. Kada ka isa kana cusa masa waya a baki. Yi sallama, tuɓe takalmi, zauna a tabarma, ka yi masa jaje. In ka ce "Baba, yaya kake ji?", amsar da za ka samu ita ce "Sai godiya," kuma gaskiyarsa ce. Tambaye shi buhu nawa ya samu bara, nawa yake sa rai bana, takin da ya zuba da kuɗinsa ya saya ko bashi ne, kuma wa ke binsa. Sannan ka yi shiru. Sau da yawa sai bayan shirun nan zai gaya maka cewa auren 'yarsa da aka sa bayan kaka an ɗaga shi. Labarin ke nan. Ka nemi izninsa kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hoto, ka kuma rubuta sunansa da na ƙauyensu daidai.

Sai batun tantancewa, wanda a yankinmu ya shafi rai. Saƙon murya guda a WhatsApp cewa mahara na tafe ya isa ya tada gari cikin dare, mata da yara su bazama daji. Kada ku tura abin da ba ku tabbatar ba daga majiya aƙalla biyu da ba a bakin juna suka ji ba. Wanda kuma ya ba ku bayani alhali bayyana sunansa zai jefa shi cikin haɗari, ku sakaya shi, amana ce.

Ku 'yan mata, kuna da damar da maza ba su da ita: kuna shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga". Can ne labarin haihuwa, da nisan asibiti, da sana'ar cikin gida yake. Nana Asma'u 'yar Shehu ta bi ta hannun malamai mata da ake kira jaji ta isar da ilimi ga matan karkara, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata domin mata marubuta. Ku shiga.

Roƙona shi ne, a hutun nan mai zuwa kowannenku ya rubuto rahoto guda kan Fakku, ko kan rijiya ne, ko makaranta, ko farashin taki a kasuwa, ya kai wa malaminsa ya gyara masa. Allah Ya yi muku albarka.

Wassalam.