Darasi Kan Himma: Asali Ba Ya Ɗaure Bawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, akwai maganganu biyu da suka kashe zuciyar matasa da yawa a garuruwanmu. Ta farko: "Ni ɗan talaka ne, ina ni ina ɗaukaka?" Ta biyu: "In Allah ya rubuta mini arziki zai zo ya same ni." Da waɗannan ne saurayi mai ƙarfi a jika yake wuni a gindin bishiya, sai lokacin zaɓe ya zo a ba shi gora da ƙwaya ya zama ɗan banga. To, bari mu auna maganganun nan da sikelin Sunna.

Na farko, maganar asali. A al'adarmu ana raina ɗan mahauci da ɗan wanzami da ɗan maƙeri, har a hana su aure a wasu gidaje, ana ganin ɗaukaka gadon gidan sarauta ce ko gidan malanta. Wannan ragowar jahiliyya ce. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta riga ta yanke hukunci cewa taƙawa ce ma'aunin fifiko a wurin Allah. Magabata kuwa da aiki suka fassara ta. Salim, 'yantaccen bawan gidan Abu Huzaifa, shi ne yake limanci ga Muhajirai na farko a Ƙuba, Umar ɗan Khaɗɗabi yana cikin mamu, domin ya fi su haddar Alƙur'ani. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, wanda ya rasu wajen shekara ta 114 bayan Hijira, baƙar fata ne, daga zuriyar bayi, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa, har Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya durƙusa gabansa da 'ya'yansa yana tambayar hukunce-hukuncen aikin hajji. Mu da muke karatun littattafan Malikiyya, mun san wane ne malamin Imamu Malik? Nafi'u ne, bawan da Abdullahi ɗan Umar ya 'yanta. Kuma Imamul Bukhari ya ƙirga ruwayar Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar a matsayin mafi ingancin isnadi. Ka ga bawa ya zama gada tsakanin Sahabi da limamin Madina. Wane gidan sarauta ya ba shi wannan? Zama ne ya yi shekaru yana saurare yana kiyayewa.

Na biyu, maganar ƙaddara. Lalle mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da maras daɗi. Amma wa ya nuna maka abin da aka rubuta maka, har ka san talauci ne? Ba ka sani ba. Abin da ka sani shi ne an umurce ka da aiki. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Bukhari kuma ya ruwaito cewa ɗaukar igiya a yo itace a sayar ya fi roƙon mutane. Sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ribarsa ta farko ɗan cuku ce da man shanu. Bai raina ba. Ba a daɗe ba ya yi aure da sadakin zinariya, daga baya ya zama cikin manyan attajiran Sahabbai. Ku lura: maganar nan da ake yawan yi, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, kada a jingina ta ga Allah. Hujjojin da muka kawo sun wadatar.

Na uku, kada wani ya zarce ya ce duk talaka raggo ne. Wannan ma ɓata ne. Himma tana bukatar ƙofa. Abu Yusuf ɗan talakawa ne a Kufa, neman abinci yana janye shi daga karatu, sai Abu Hanifa, wanda shi ma ɗan kasuwar tufafi ne, ya riƙa ba shi kuɗi don ya zauna a majalisi. Wannan yaro shi ne ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, ya rasu a 182 bayan Hijira. A ƙasarmu ma, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifinsa yana yaro, ya yi almajirci, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja shekara da shekaru. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, sai damar ta same shi a shirye, da jari da yaran gida da amana. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Jirgin nan kowa ya ji kukansa, amma wanda ya riga ya ɗaure kaya shi ya hau. Saboda haka nauyi biyu ne: saurayi ya shirya, mai hali kuma ya buɗe ƙofa, da zakka, da jari, da ɗaukar yaron shago.

Na huɗu, himma ba tare da taƙawa ba halaka ce. Mai damfara ta intanet yana da himma, yana kwana bai yi barci ba. Mai cacar ƙwallo a waya shi ma yana da buri. Amma naman da ya tsiro daga haram wuta ce ta fi cancanta da shi, kuma duk motar da ka hau da kuɗin zalunci za a tambaye ka ita.

To, me za ka yi daga gobe? Ka yi Asuba a jam'i, kada ka koma barci. Ka zaɓi sana'a guda, ko ɗinki, ko walda, ko gyaran waya, ko noman rani, ka durƙusa gaban mai ita ka jure faɗansa har ka ƙware. In ka bar makaranta, ka koma ajin yamma ka sake zana jarrabawa, girma ba ya hana karatu. Ka ware wani abu daga kowace riba, kome ƙanƙantarsa. Ka rabu da majalisar da ba a zancen kome sai motar wane da gidan wane. Sa'an nan ka gyara niyya: ka nema don ka ciyar da iyayenka, ka kare mutuncinka da aure, ka taimaki addini.

In ka yi duk wannan Allah ya ba ka kaɗan, ba ka yi asara ba, domin ka ci halal kuma ba ka miƙa hannu ga kowa ba. In ya ba ka da yawa, ka tuna da abin da Abu Hanifa ya yi wa Abu Yusuf, ka nemi naka yaron ka ɗaga.

Allah ya raya zukatanmu, ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.