SALLA A LOKACIN ANNOBA: DARASI DAGA SHEKARAR 2020

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 2020 watan Ramadan ya kama ran Juma'a 24 ga Afrilu, wata biyu ke nan bayan cutar korona ta ɓulla a Ikko. An rufe makarantu, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kuma Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ke shugabanta, ta shawarci jama'a da su dakatar da taron tafsiri da tarawihi a masallatai.

A ɗauki misalin wani gida a Talata Mafara. Maigidan manomin shinkafa ne a fadamar Bakolori, mahaifiyarsa tsohuwa tana Bakura, 'yarsa tana aure a Maradun, babban ɗansa kuwa yana sana'a a Ikko. Al'adarsu ita ce kowace Salla a hallara gaban tsohuwar. Da azumi ya kai ashirin sai ɗan ya bugo waya, ya ce ya sami direban babbar mota mai komowa Arewa wanda zai ɓoye shi cikin kaya. Uban ya ce ya zauna inda yake. Matan gida suka ga taurin zuciya ne, har wani maƙwabci ya ce ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa.

To, wa ke da gaskiya? Wannan gardama ta riga ta faru a zamanin Sayyidina Umar, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Halifa ya taso daga Madina, ya iso wani wuri da ake kira Sargu, sai labarin cutar ya tarye shi. Ya yi shawara, sahabbai suka rabu biyu, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Daga nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya shaida cewa ya ji Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke cikinta fita don gudunta. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Sai a lura, rabin hadisin na biyu shi ne mai wuya, shi ne kuma ya shafi yaron nan. Ikko ce inda cutar ta fi yawa a ƙasar nan. Ko da ba gudunta ya yi niyya ba, da ya taho da ita a jikinsa bai sani ba, wadda zai fara durƙusawa gabanta ita ce kakarsa, alhali tsofaffi cutar ta fi kayarwa. Zumuncin da zai jefa tsohuwa cikin hatsari shari'a ba ta nemi shi ba. Uban ne ke kan daidai, ko da yake da ya tausasa harshe ga matan da ya fi.

Ƙaramar Salla ta zo ran Lahadi 24 ga Mayu. Wasu jihohi sun bari a fita idi, wasu sun hana. A mazhabar Maliku sallar idi sunna ce mai ƙarfi, wanda kuma bai same ta tare da liman ba an so ya yi ta shi kaɗai: raka'a biyu, kabbara bakwai a ta farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, ba kiran salla, ba iƙama, ba huɗuba. Haka yaron ya yi a ɗakinsa. Hadisi ya tabbatar da cewa wanda ciwo ko tafiya suka hana shi aikin alherin da ya saba, ana rubuta masa ladarsa, malamai kuma sun ƙiyasta sauran uzurori a kan wannan. Ko Juma'a ma, wadda take farilla, Shaihu Halil ya lissafa uzurorin barinta a cikin Muhtasar, har da ciwo da jinya da kuturta.

Abin da annoba ba ta ɗauke ba shi ne zakkar fidda kai: mudu huɗu da mudun Annabi a kan kowane mutum, daga abincin da garin ya fi ci, gero ko dawa ko shinkafa. Ya halatta a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin Salla, ya kuma halatta ga wanda ke nesa ya wakilta iyalinsa su fitar masa. A shekarar da 'yan ƙwadago da masu talla suka rasa abin yi, wannan ta fi sabon ɗinki muhimmanci nesa ba kusa ba. Maigidan ya auna tasa da ta ɗansa, ya aika wa mahaifiyarsa shinkafa da goro, 'yar da ke Maradun ta gaishe ta ta waya.

A wannan shekara ba maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya, domin Saudiyya ta taƙaita Hajji ga mutane kaɗan mazauna ƙasarta. Sharaɗin Hajji iko ne, hanya kuwa tana cikin iko, saboda haka ba laifi a kan wanda aka tsare. Ran 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi. Yaron ya iso gida makonni kafin Babbar Salla, wadda ta kama ran Juma'a 31 ga Yuli, ya keɓe kansa kwana 14 kamar yadda likitoci suka ce, sa'an nan ya tafi Bakura da cinyar rago.