Nazari: Maƙeran Injin Citta Da Manhajar Tsara Oda

A fannin masana'antu akwai mai ƙera kaya ya ajiye yana jiran mai saye, akwai kuma wanda ba ya ɗaga guduma sai an ba shi oda. Galibin maƙeran injuna na Kafanchan, Kwoi da Kachia suna cikin rukuni na biyu. Dillalin citta yana son injin tsagawa mai shan dizal, ƙungiyar mata kuwa tana son na niƙa mai aiki da lantarki, don haka kowane aiki sai an sake awo da lissafi. A nan ne hasara take ɓuya: maƙeri ya yanke farashi da ka, ya karɓi kafin alƙalami, daga baya ya tarar injin da ya sawo ba zai ja wuƙaƙen ba.

Manyan kamfanoni sun magance wannan matsala da manhajar tsara oda, wadda ake cusa wa ƙa'idojin abin da ya dace da wane, ta ƙi haɗin da ba zai yi aiki ba, ta fitar da farashi. Kamfanin Digital Equipment na Amurka ya soma amfani da irinta, mai suna XCON, a shekarar 1980 wajen haɗa kwamfutocin VAX. Ta rage kurakurai ƙwarai, amma da ƙa'idojin suka kai dubbai, sabunta su ya zama babban aiki mai cin kuɗi.

Abin lura shi ne manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata, alhali ilimin maƙeri yana cikin kansa ne, ba a takarda ba. Saboda haka shiri yana farawa ne da rarrabe sassan da ba sa canzawa daga waɗanda mai saye yake zaɓa, a taƙaita girman inji zuwa iri uku ko huɗu, sa'an nan a rubuta wane ƙarfin doki ne yake jan kowanne. Ƙaramin shago ba ya buƙatar abin da ya wuce jadawalin lissafi a waya.

Sai dai dole a sami mai gyara farashin ƙarfe a kai a kai. A shekarar 2023 darajar naira ta faɗi, cutar ruɓewa kuma ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko; manomin da jarinsa ya karye ba zai yarda da ƙarin kuɗi bayan an gama ciniki ba.