Katafilar Da Ta Ƙi Juyawa

Kowa a cikinmu ya san katafila, watau motar nan mai tafiya bisa sarƙa. Sunan nan daga Caterpillar ya fito, wani kamfani na Amurka da aka kafa a 1925. A ƙasar Kano an ga aikinta ƙwarai tun zamanin Gwamna Audu Bako, 1967 zuwa 1975, sa'ad da aka shiga gina madatsan ruwa. A arewa akwai Tomas wajen Dambatta, da Watari a Bagwai. Tsofaffin katafilu kuwa ba su ƙare ba, ana samunsu suna yashe tafki ko gyara hanyar kasuwa.

To, a ƙasa irin ta Bichi da Dambatta gona na manne da gona, tsakaninsu sai 'yar iyaka ta gamba, ga gawo ga ɗorawa. Katafilar da ba ta juyawa a wuri irin wannan ba ƙaramar masifa ba ce, gama sai ta miƙe ta tattake geron maƙwabci, a ƙare a gaban dagaci. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke hana ta juyawa.

Irin tsofaffin nan ba su da sitiyari, sai liba biyu da birki biyu. Ko wace sarƙa tana da nata kuloci, watau faya-faye ne jere cikin ganga, ɗaya na ƙarfe ɗaya mai kauri-kauri, sifirin ya matse su gam. In direba ya ja libar dama, sai faya-fayen dama su saki, ƙarfin inji ya bar sarƙar nan, ta hagu ta ci gaba da tafiya, mota ta karkata dama. In yana son kwana sosai, sai ya taka birkin dama.

Ciwon daga zama yake zuwa. Aikin ƙasa da rani ake yinsa. Da damina ta faɗi sai a jingine mota gindin itace wata huɗu ko biyar. Ruwa ya bi ta murfi ya kwanta cikin ɗakin kuloci, tsatsa ta ɗinke faya-fayen su zama kamar dutse guda. Ran da aka tashe ta, a ja liba, ita kuwa ta miƙe abinta.

Kada mu yi garajen kwancewa. Da fari mu duba wasan liba, domin wani lokaci sandunan da ke haɗa ta da kuloci ne suka saki, gyaran noti ɗaya ya isa. Sa'an nan mu kwance toshiyar da ke ƙarƙashin ɗakin, mu ga abin da zai zubo. In jan ruwa ne, tsatsa ce. In baƙin mai ne, to, wani abin tare mai ya mutu, shi kuwa santsi yake kawowa, ciwonsa dabam.

In tsatsa ce, sai mu mayar da toshiya, mu zuba kananzir, mu bar shi kwana biyu ko uku. Kana mu kai motar fili inda ba mutum ba shuka, mu sa ƙaramar giya, mu ja libar gefen da ya kafe mu riƙe, muna taka birkinsa muna saki, gaba da baya. Sau da yawa sai a ji ƙara kas, faya-faye sun rabu. Daga nan a tsiyaye kananzir sarai, a bar wurin ya bushe. Amma fa kada a danne birki har ya yi hayaƙi, don kada wajen maganin ciwo ɗaya a sayo biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

In duk wannan bai yi ba, tilas a fid da kulocin. A waɗansu ta sama ake ciro shi bayan an ɗauke kujera da tanki. A ƙanana irin D2 sai an raba sarƙa an zare giyar gefe. A nan akwai abu uku da ba a wasa da su. Na fari, a tokare mota da gungume, kada a dogara ga jak kaɗai. Na biyu, sifirin nan a matse yake da ƙarfin gaske, in ba a danne shi da matsi ba kafin a kwance, yana iya fasa wa mutum fuska. Na uku, faya-fayen dā akwai asbesto a jikinsu, ƙurarsa na lalata huhu, sai a jiƙa a goge, kada a hura.

Faya-fayen ƙarfe a goge su da samfefa, a ɗora ko wanne bisa gilashi. Wanda ya gurɗe a yar. A mai da su bisa jerin da aka same su, a daidaita liba da birki.

Rigakafi dai ya fi magani. In za a ajiye mota a rufe ta da tamfol, a riƙa buɗe toshiya bayan ruwa mai yawa, ko wane mako biyu kuma a tashe ta, ta juya dama ta juya hagu. Aikin rabin sa'a ke nan, ya tsare mana wahalar wata guda. Allah ya sa mu kiyaye.