Darasi: Idan Mota Tana Yoyon Hayaƙi a Gindin Inji



A ƙasar Kurfai, motar a-kori-kura mai aiki da gazuwal ta zama jakin kowa. Ita ke ɗauko hatsi da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwar Abala. Ita ke kai tumaki da awaki Filinge da Baleyara. Ita ke kwasar dankalin Bonkuku zuwa Yamai. Idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ita ake nema a kai mace asibiti. Saboda haka lafiyar wannan mota tana haɗe da lafiyarmu.

Darasinmu na yau a kan wata cuta ce ta mota wadda mutane suke renawa, wato yoyon hayaƙi a gindin inji. Za mu ga yadda ake gane ta, da illar da take yi wa mutum, da yadda ake gyara ta.

Abin da muka gani a hanya

Wata rana da hunturu muka fita zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci tsakanin Abala da Sanam. Muna zaune a gidan gaba tare da wata mata da ɗanta. An rufe gilashi saboda sanyi da ƙura. Kafin mu yi tafiyar awa ɗaya, kanmu ya fara sarawa. Yaron ya yi amai. Direba ya shiga hamma, idanunsa suna lumshewa. Matar ta ce masassara ce ta kama ɗanta.

Muka tsaya a bakin wata rijiya, kowa ya sauka. Bayan ɗan lokaci ciwon kan ya lafa, yaron ya tashi yana wasa. Da aka buɗe murfin inji, sai ga baƙi ya shafe gefen injin kamar gindin tukunya. Direba ya ce: "Ai tun da damina take wannan ƙarar, amma tana tafiya." Gaskiya ne tana tafiya. Sai dai hayaƙin da ya kamata ya fita ta baya, shi muke ta shaƙa a gaba.

Mene ne mahaɗar hayaƙi?

Inji yana da ɗakuna da ake kira silinda. A cikinsu gazuwal yake ƙonewa. Yawancin motocin Toyota Hilux na gazuwal suna da silinda 4. Injin Land Cruiser da ake kira 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a shekarar 1990, yana da silinda 6.

Kowace silinda tana da ƙofar da hayaƙi yake fita. Akwai wani ƙarfe mai rassa da aka ɗaure a gefen kan inji. Shi ke tattara hayaƙin dukan ƙofofin, ya zuba shi cikin bututu guda, ya wuce ta salansa zuwa bayan mota. Wannan ƙarfe shi muke kira mahaɗar hayaƙi. Makanikan da suka koyi aiki a Yamai suna ce masa kolektar. Waɗanda suka koya a Najeriya suna cewa manifol.

Tsakanin mahaɗa da kan inji akwai wani faifai siriri mai jure wuta, wanda yake toshe kowace kafa. Ana ce masa juwan, wasu kuma su ce gasket. Ƙusoshi masu zare da notuna su ke matse su wuri ɗaya.

Me ke kawo yoyo?

Idan mota tana jan kaya cikin rairayi, zafin hayaƙi a mahaɗa yana iya wuce digiri 500. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce. Yau da gobe, noti ya saki, ko juwan ya ƙone, ko ƙusa ta karye, ko mahaɗar ta kantare ko ta tsage.

Akwai abubuwa 4 da suke gaggauta ɓarnar a ƙasarmu:

1. Gargadar hanyoyin ƙauye, wadda take girgiza kowane noti.
2. Lodin da ya wuce kima, domin yana ƙara wa inji zafi.
3. Watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ko afkawa cikin ruwa da gudu da damina.
4. Katsewar robobin da suke riƙe da salansa. Idan sun katse, nauyin bututu duka yana komawa kan mahaɗa.

Illar hayaƙin ga mutum

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mahaɗa tana kusa da gidan gaba. Idan ta yi yoyo, hayaƙin yana bi ta hudojin waya, da gindin giya, da ruɓaɓɓen ƙasan mota, ya shiga inda mutane suke zaune.

A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce take kashe mutanen da suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin har sau 200 da ɗoriya. Idan ta cika jini, ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa iskar da suke rayuwa da ita.

Injin gazuwal bai kai injin esansi fitar da wannan iska ba. Amma tana ƙaruwa idan an yi wa mota lodi mai yawa, ko ƙura ta toshe matatar iska. Ban da ita, akwai baƙin hayaƙin kansa, wanda yake shiga huhu. A shekarar 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana kawo ciwon dajin huhu. Direba da yaron mota, masu shaƙarsa kullum, su ne a gaba wajen haɗari.

Alamun guba su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala da barci. Sun yi kama da na masassara, amma akwai bambanci. Gubar hayaƙi takan kama mutane da yawa a lokaci ɗaya. Yawanci ba ta zuwa da zafin jiki. Tana kuma lafawa idan an fita iska.

Ta fi tsanani ga jarirai, da tsofaffi, da masu ƙarancin jini, da masu ciwon zuciya ko asma, da mata masu ciki. Jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwarsa riƙe gubar. Mu tuna kuwa, waɗannan su ne mutanen da muke sakawa a gidan gaba don tausayi. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne. Doguwar tafiya ce ga marar lafiya cikin hayaƙi. Direba kuma idan barci ya sace shi, rayukan duk waɗanda ke bayan mota suna cikin haɗari.

Taimakon gaggawa

1. A tsayar da mota, a kashe inji.
2. A fitar da kowa zuwa inuwa mai iska.
3. Wanda ya suma, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa komai a baki.
4. Nono ba ya kashe wannan guba. Maganinta iska ce mai kyau, da oksijin na asibiti.
5. Mai ciki, da jariri, da wanda ya suma ko ya ruɗe, a kai su asibiti ko da sun farfaɗo. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa hayaƙin mota suka shaƙa.
6. Idan dole ne a ci gaba da tafiya a motar, a buɗe gilashi duka.

Yadda ake gane yoyo

Kunne: da safe, idan aka tada inji da sanyinsa, za a ji ƙara "tas, tas, tas" a gefen inji. Ƙarar takan ragu idan inji ya yi zafi, domin ƙarfe ya buɗe ya matse kafar. Raguwar ƙarar ba warkewa ba ce.

Ido: a duba inda mahaɗa ta haɗu da kan inji. Baƙin kunkunniya a wurin shaida ce. A ƙirga notuna, a ga ko akwai wanda ya ɓace.

Hanci: warin hayaƙi a gidan gaba, da yajin ido.

Ruwan sabulu: a shafa shi a mahaɗa tun tana da sanyi, sannan a tada inji. Inda kumfa ya taso, nan ne kafar.

Ƙarfin mota: idan inji mai turbo ne, yoyo yana rage masa ƙarfi, shan mai ya ƙaru.

A yi wannan dubawa a fili, ban da cikin rufaffen shago. A naɗe hannun riga, a cire rawani, don kada farfela ko bel su kama su.

Yadda ake gyara

Kayan aiki: sabon juwan na irin injin, sababbin notuna da ƙusoshi, sifana daidai bakin noti, burushin ƙarfe, miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe, da man sassauta tsatsa. Idan babu shi, gazuwal yana taimakawa.

1. A bar inji ya huce sarai. A cire wayar batir.
2. A jiƙa notuna da mai tun da dare, su kwana suna sha. Notin da ya sha wuta da tsatsa, idan aka yi masa ƙarfi, ƙusarsa ce take karyewa.
3. A cire faifan da ke kare zafi, a kwance bututun da ya haɗu da mahaɗa, a tokare shi.
4. A sassauta notuna kaɗan-kaɗan. A fara daga na gefe, a ƙare a na tsakiya.
5. A fitar da mahaɗa. A toshe ƙofofin inji da tsumma mai tsabta don kada datti ya shiga.
6. A kankare ragowar tsohon juwan har ƙarfe ya yi haske. A jiƙa wurin kafin kankara, kada a hura ƙurar da baki. Wasu tsofaffin juwan an yi su da wani ma'adini mai cutar da huhu.
7. A ɗora rula a fuskar mahaɗa, a duba ta wajen haske. Idan haske yana wucewa ta ƙarƙashi, ta kantare. Sai a kai ta inda ake goge fuskar ƙarfe da inji, ko a sake wata. Sabon juwan a kan kantararriyar mahaɗa asarar kuɗi ne.
8. Idan ƙusa ta karye, mai walda yana iya liƙa noti a kan guntun, a kwance shi. Idan ta karye a can ciki, a bar wa gwani. Huda marar daidai tana lalata kan inji.
9. Idan mahaɗa ta tsage, a sani cewa ƙarfen zubi ce, ba ta karɓar walda irin ta ƙofa. Sai an fara gasa ta, a yi waldar da sandar da aka yi domin ƙarfen zubi, sannan a binne ta cikin toka ko busasshen rairayi ta huce a hankali. Idan tsagar ta yi yawa, sauyawa ta fi.
10. A cire tsumman da aka toshe ƙofofi da su, a ƙirga su. A sa sabon juwan, fuskarsa daidai. Kada a maida tsohon. Kada a yanko kwali, ko roba, ko gwangwani a madadinsa. Araha ba ta ado.
11. A ɗaure notuna da hannu tukuna. Sannan a matse da sifana, daga tsakiya zuwa gefe, a zagaya sau 2 ko 3. Idan akwai sifana mai awo, a bi adadin da ke cikin littafin motar.
12. A maida bututu da faifan zafi. A sauya robobin salansa da suka katse. A toshe hudojin da ke tsakanin inji da gidan gaba.
13. A tada inji, a saurara. Bayan tafiyar kwana 2 ko 3, a bar shi ya huce, a sake gwada matsin notuna.

Hakkin kowa

Mai mota ya sani cewa juwan ya fi kan inji araha, kan inji kuma ya fi rai araha. Direba ya saurari injinsa kowace safiya kafin ya ɗauki mutane. Fasinja kuma yana da bakin magana. Idan mun ji wari a gidan gaba, mu ce cikin ladabi: "Malam direba, hayaƙi yana shigowa, a buɗe gilashi, a duba inji." Ƙungiyoyin manoma da na mata masu hayar mota don kai kaya, su duba gefen injin kafin su biya. Garin da ya ware mota domin kai marasa lafiya asibiti, ya sa a riƙa duba ta kowane wata. Rigakafi ya fi magani.

Sababbin kalmomi

Silinda, mahaɗar hayaƙi, juwan, noti, sifana, oksijin. A rubuta kowace kalma sau 3 a littafi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin mahaɗar hayaƙi?
2. Kawo alamu 3 da ake gane yoyo da su.
3. Yaya za ka bambanta gubar hayaƙi da masassara?
4. Su wa gubar ta fi yi wa illa?
5. Daga ina ake fara matse notuna?

Lissafi

A ƙaddara an sayi juwan jaka 6, notuna jaka 2, an ba makanike jaka 7. Nawa aka kashe gaba ɗaya? Idan motar tana samun ribar jaka 5 a kowace ranar kasuwa, kasuwa nawa za ta ci ta maida kuɗin?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya karanta wannan darasi ga direba ɗaya ko yaron mota ɗaya a garinsu. A zo da abin da suka ce a zama na gaba, mu tattauna shi a aji.